Fashin baƙi: Su wa ke riƙe da ƙananan bukukuwan fina-finai, kuma me sabon darakta ke samu a wurinsu?

Idan ka ga matashin darakta ya sa fastar fim ɗinsa a Facebook, da wasu ganyaye biyu da suka yi baka kamar kambi, a tsakiyarsu an rubuta cewa wani biki a ƙasar waje ya zaɓi fim ɗin, me ya faru a zahiri? Su wa suka yi zaɓen? Sun zauna sun kalli fim ɗin kuwa? Kuma kuɗin da yaron ya biya kafin a karɓi aikinsa, aljihun wa suka shiga?

Maganar ta sake tasowa ne saboda abin da ya faru a Amurka. A watan Fabrairun 2025 bikin Slamdance, wanda ya yi suna wajen fito da sababbin daraktoci, ya bar garin Park City na jihar Utah inda ya shafe kusan shekara 30, ya koma Los Angeles. Wata guda bayan haka babban maƙwabcinsa, Sundance, ya sanar cewa shi ma daga 2027 zai tattara ya koma garin Boulder na jihar Colorado. Da labarin ya bazu, sai na lura mutanenmu sun rabu gida biyu, kuma duk gidajen akwai gyara a fahimtarsu. Wasu na ganin bikin fim sana'a ce ta tatsar yara masu buri. Wasu kuma na ganin da zarar wani biki ya zaɓe ka, to ka haye. Gaskiyar lamarin tana wurin mutanen da ke gudanar da waɗannan bukukuwa, waɗanda ba kasafai ake ganin fuskarsu ba.

Bikin baje koli daban, daren karramawa daban

A nan rikicin yake farawa. Mu a Arewa abin da muka fi sabawa da shi shi ne daren karramawa: a kama babban ɗakin taro, jarumai su ci ado, a kira suna a miƙa kambu, a yi hotuna a watse. Fina-finan da ake karramawa a irin wannan dare sun riga sun fita kasuwa, kowa ya gani.

Bikin baje kolin fina-finai ba haka yake ba. Kwanaki ake yi, wani lokaci mako guda ko fiye, ana haska fina-finai ɗaya bayan ɗaya a gaban 'yan kallo, yawancinsu ba a taɓa nuna su a ko'ina ba. Idan fim ya ƙare sai a kunna fitila, darakta ya fito gaban allo a yi masa tambayoyi. A cikin 'yan kallon akwai 'yan jarida, da dillalan da ke sayen fina-finai don gidajen sinima da manhajojin kallo, da furodusoshin da ke neman sabon hannu. Kambun da ake bayarwa a ranar rufewa ƙari ne kawai. Asalin abin shi ne haskawar da kuma haɗuwar.

Idan kuma aka ce biki "mai zaman kansa", ana nufin ba gwamnati ce ta kafa shi ba, ba kuma wani babban kamfanin fim ne ke juya shi ba. Bikin Zuma da ake yi a Abuja, alal misali, na Hukumar Fina-finai ta Najeriya ne, saboda haka ba ya cikin wannan rukuni. Ƙaramin biki mai zaman kansa yawanci mutum uku ne ko biyar suke ɗauke da shi duk shekara, sauran kuwa 'yan sa-kai ne da ke zuwa idan lokaci ya gabato.

Waɗanda aka ƙi ne suka kafa nasu

Labarin Slamdance ya fi kowanne nuna yadda irin wannan biki ke samuwa. A 1995 wasu matasan masu shirya fim, cikinsu akwai Dan Mirvish da Jon Fitzgerald da Shane Kuhn da Peter Baxter, sun aika fina-finansu Sundance aka ƙi ɗauka. Maimakon su rungume hannu, sai suka ɗauki fina-finan suka tafi Utah a daidai makon da ake Sundance ɗin, suka nemi ɗakuna suka kafa majigi suka haska abinsu. Dabarar a fili take: tunda duk dillalai da 'yan jaridar Amurka sun taru a gari ɗaya a wannan mako, to a kai musu kaya har bakin ƙofa. Masu Sundance ba su yi maraba da su ba da farko, amma abin ya zauna. Shekaru da yawa wani otal mai suna Treasure Mountain Inn da ke kan babban titin Park City shi ne mazauninsu, inda ake mayar da ɗakunan taro su zama sinima. Peter Baxter ne ya ci gaba da jan ragamar bikin tsawon shekaru.

Abin da ya bambanta su shi ne dokokin da suka ɗaura wa kansu. Dogon fim ba ya shiga babbar gasarsu sai ya kasance shi ne na farko ga daraktan, kuɗin da aka kashe masa bai kai dala miliyan 1 ba, kuma bai riga ya samu dillali a Amurka ba. Sannan masu zaɓen fina-finan su ma masu shirya fim ne, galibinsu waɗanda aka taɓa nuna aikinsu a bikin. Wato wanda ya sha wahalar jiya shi ke buɗe wa na yau ƙofa.

Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. A 1997 wasu 'yan'uwa biyu, Anthony da Joe Russo, sun kai fim ɗinsu na farko Slamdance. Darakta Steven Soderbergh yana cikin waɗanda suka gani, ya neme su, ya tsaya musu suka yi na biyu. Su ne daga baya suka ba da umarnin wasu daga cikin manyan fina-finan kamfanin Marvel, kuma a 2018 suka dawo suka kafa tallafin dala 25,000 da ake bai wa matashi ɗaya daga bikin kowace shekara. A 1999 an nuna fim ɗin farko na Christopher Nolan a can, wanda ya ɗauka a ranakun ƙarshen mako da abokansa a kan kusan dala 6,000. A 2001 fim ɗin farko na Bong Joon-ho ɗan Koriya ta Kudu ya biyo ta nan. A 2004 Sean Baker ya kai wani fim da suka yi shi da Shih-Ching Tsou a kan kusan dala 3,000. Bong ya ɗauki kambun Oscar na gwarzon darakta a 2020, Nolan a 2024, Baker a 2025.

Amma a yi hattara da wannan jeri. Sunaye ne 'yan kaɗan daga cikin dubban mutanen da suka ratsa bikin a shekara 30. Mafi yawansu sun haska fim ɗinsu, an tafa musu, sun koma gida sun ci gaba da biyan bashin da suka ci. Duk mai shirya bikin da ya san abin da yake yi ba zai yi maka alkawarin za ka zama Nolan ba. Abin da yake iya yi maka alkawari shi ne ɗaki mai duhu, da allo, da mutanen da za su zauna har ƙarshe.

Aikin da ba a gani

Babban aikin masu shirya biki ba a makon bikin yake ba. Watanni ne na zaman kallo.

A bikin 2024 an aika wa Sundance fina-finai sama da 17,000, gajeru da dogaye, kuma dogayen da aka ɗauka ba su kai 100 ba. Sundance na da ma'aikatan da take biya su yi wannan tantancewa. Ƙaramin biki fa? Mu ƙaddara an aiko masa gajerun fina-finai 1,000, kowanne minti 15. Awa 250 ke nan na kallo. Idan ana son adalci, kowane fim mutum biyu za su gani, ya zama awa 500, tun ba a taɓa dogayen fina-finai ba. Su wa za su yi wannan? Malaman makaranta ne, da masu tace hoto, da ɗalibai, da daraktocin da su ma ke fafutukar nasu aikin, suna kallo da dare bayan sun taso daga neman abinci. Da yawansu ko sisi ba a ba su.

Na taɓa zama cikin irin wannan kwamiti na wani ɗan ƙaramin biki, kuma abin da ba na mantawa shi ne ranar yanke hukunci. Mu bakwai ne a ɗaki, an rubuta sunayen fina-finai a ƙananan takardu an manna a bango. Gurbi goma sha biyu ne, takardu kuwa sun fi talatin, kuma kowace takarda akwai mai kare ta. Wata baiwar Allah a cikinmu ta dage a kan wani gajeren fim da wata yarinya ta ɗauka da waya a tsakar gidansu. Sautin bai fita sosai ba, hoton yana rawa. Aka ce mata, "Hajiya, in muka sa wannan a babban allo za a ce ba mu san aiki ba." Ta ce, "Ku sake kallon wurin da uwar ke tankaɗe tana magana ba ta ɗago kai ba. A duk abin da muka gani, wa ya ɗauko mana irin wannan?" Aka mayar da fim ɗin baya aka sake gani. Babu wanda ya ƙara cewa komai, aka matsar da takardar zuwa layin waɗanda suka shiga. Don ta shiga kuwa sai da wata takardar ta fita, ta wani yaro da aikinsa ya fi tsafta, kuma ni aka ɗora wa rubuta masa saƙon ban haƙuri.

Wannan shi ne abin da ake kira tsara jadawalin biki, kuma ba jarrabawa ba ce da ake ba da maki. Ana duba tsawon fina-finan, da yadda za su zauna da juna a zama ɗaya, da kada a tara labari iri ɗaya. Fim mai kyau na minti 35 kan rasa gurbi don kawai zai cinye wurin fina-finai uku. Shi ya sa rashin ɗaukar fim ba hujja ba ce cewa ba shi da kyau, ko da yake wanda aka ƙi ba ya jin wannan magana a ranar.

Bayan zaɓe sai sauran ɗawainiya: neman ɗakin haskawa, karɓar fayil ɗin kowane fim a gwada shi a kan na'urar da za a yi amfani da ita, duba fassarar da ke ƙasan allo, buga jadawali, neman masaukin baƙi, rubuta takardun gayyata don neman biza. A ƙasashenmu a ƙara da man janareta. Kuma kusan kullum akwai fayil ɗin da zai ƙi buɗewa ana saura awa biyu a fara.

Kuɗin rajista: cuta ce ko dole?

Nan ne zafin muhawarar yake. Yawancin bukukuwa, musamman na Amurka, suna karɓar kuɗi kafin su kalli fim ɗinka, kuma ko ba a ɗauke shi ba ba a mayar maka. Kuɗin kan fara daga 'yan daloli ya haura 100, ya danganta da girman bikin da tsawon fim da kuma ko ka aika da wuri. Yawanci ta shafin FilmFreeway ake aikawa, wanda aka buɗe a 2014, ya kuma mamaye harkar bayan da takwaransa Withoutabox na kamfanin Amazon ya rufe a 2019. Shafin na cire nasa kason daga kowace rajista.

Masu shirya bukukuwa na cewa ba su da zaɓi. Tikitin shiga ba ya biyan kuɗin hayar ɗaki, domin fim ɗin darakta da ba a sani ba ba ya cika kujeru. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyi sun fi son inda taurari ke taka jan kafet. Tallafin gidauniyoyi kuwa yau akwai gobe babu. Suna kuma cewa idan aka cire kuɗin gaba ɗaya, kowa zai turo duk abin da ya ɗauka, tulin ya fi ƙarfin masu kallo.

Masu shirya fim kuma na da tasu hujjar, kuma mai nauyi ce. Idan biki ya karɓi kuɗin mutum dubu ya nuna fim hamsin, to waɗanda aka ƙi su ne suka ɗauki nauyin shagalin waɗanda aka ɗauka. Sannan akwai zargin da ya daɗe yana yawo cewa a wasu bukukuwa an riga an cike rabin gurabe da fina-finan da aka gayyato ta hanyar sanayya, sauran jama'a na biyan kuɗi ne a kan ragowar. Dalilin da ya sa Slamdance ke jaddada cewa fina-finan gasarta daga cikin waɗanda aka aiko ake zaɓensu ke nan.

Ga ɗan Najeriya lissafin ya fi ɗaci. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Rajistar dala 50 ta zama naira 75,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci bai isa a kalli fim ɗinka a biki ɗaya ba. Ga shi kuma an ɗauki tsawon lokaci bankuna da dama sun hana biyan kuɗin waje da katin naira, sai yaro ya nemi wani ɗan'uwa a waje ya biya masa.

Ni a ganina kuɗin rajista ba cuta ba ne idan biki ya cika sharaɗi biyu: a kalli kowane fim da gaske, kuma a buɗe ƙofar yafe kuɗin ga waɗanda ba su da hali. Bukukuwa da yawa na yafewa ko su rage wa masu aikowa daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai ka rubuta ka tambaya. Yaranmu da dama ba su san ana tambaya ba.

Masu sayar da ganye

Sauƙin da intanet ya kawo ya buɗe ƙofa ga wasu da ba su da alaƙa da fim sai ta karɓar kuɗi. Mutum ɗaya da kwamfuta zai ƙirƙiro suna mai ɗauke da sunan babban birni, ya haɗa da kalmar "ƙasa da ƙasa", ya buɗe rajista. Ba ɗaki, ba allo, ba ɗan kallo ko ɗaya.

Alamominsu ba su da wuyar ganewa ga wanda ya natsu. Suna raba kambu kowane wata, ba shekara-shekara ba. Rukunan gasarsu kan kai hamsin ko fiye, kuma kowanne da kuɗinsa. Kwana biyu da aikawa za a ce an zaɓe ka. Bayan an ce ka yi nasara sai a ce ka biya kuɗin kofin nasara, ka biya na takardar shaida, ka sayi tikitin liyafa. Idan ka nemi sunayen alƙalai babu, idan ka nemi hoton 'yan kallo a bikin bara sai hoton mutane riƙe da kofuna.

Wani ƙanina a harkar ya zo mini da murna kwanaki, ya miƙo waya. "Yaya, duba, fim ɗina ya ci gwarzon gajeren fim a Turai." Na taya shi murna, domin na san daren da ya raba yana tace fim ɗin. Sai na ce mu duba inda aka haska shi, ko za mu samu hoton ɗakin. Muka bi shafin sama da ƙasa, ba adireshin sinima, ba ranar haskawa, sai jerin waɗanda suka yi nasara a wannan watan, sun fi mutum tamanin. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ko kallo ba su yi ba." Kuɗin da ya tura na ɗinkin da mahaifiyarsa ta tara ne. Fim ɗin nasa kuwa yana da kyau, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, domin ya cancanci a zauna a kalle shi.

Ɓarnar irin waɗannan ba ta tsaya kan wanda aka karɓe wa kuɗi ba. Suna zubar da darajar ganyen nan gaba ɗaya, har dillalai sun daina kallon yawansa a jikin fasta, sai dai su duba sunan bikin. Kuma suna shafa wa masu gaskiya kashin kaji, mutanen da ke cire kuɗin aljihunsu su cike giɓi a ƙarshen kowace shekara.

Me ya sa suke ƙaura, me ya sa wasu ke durƙushewa?

Park City ƙaramin gari ne na masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, kuma a watan Janairu aka saba yin bukukuwan biyu a can, lokacin da masauki ya fi tsada. Darakta da ya yi fim da kuɗin aro sai ya tarar zaman mako guda a garin na neman cin abin da ya kashe wa fim ɗin. Masu Slamdance sun ambaci tsadar da kuma wahalar zirga-zirga ga masu buƙata ta musamman cikin dalilan ƙaurarsu, kuma wannan ya dace da su, domin tun 2021 suke da wani sashe na musamman na fina-finan masu naƙasa. Sai dai ƙaurar na da haɗarinta. A Park City suna cin albarkacin taron da Sundance ya tara. A Los Angeles, garin da kullum ake haska fim a kowane lungu, dole su tara nasu taron da kansu.

Wasu ma ba su samu damar ƙaura ba. Bikin Edinburgh na Birtaniya, wanda ake yi tun 1947, ya tsaya cak a watan Oktoban 2022 lokacin da ƙungiyar da ke gudanar da shi ta karye, sai daga baya aka farfaɗo da shi. A 2024 ƙungiyar Human Rights Watch ta rufe bikin fina-finanta bayan sama da shekara 30, saboda ƙarancin kuɗi. A wannan shekarar dai bikin Hot Docs na Toronto a Kanada ya shiga matsin kuɗi, kuma masu zaɓen fina-finansa goma suka ajiye aiki lokaci guda. Idan masu wannan girma na tangal-tangal, sai a auna halin wanda mutum huɗu ke riƙe da shi. Annobar korona ta kori 'yan kallo daga sinima, kuma ba duka suka dawo ba. Manhajojin kallo da a da suke rububin sayen fina-finai a bukukuwa sun rage hannu. Ga kuma gajiya, wadda ba a cika faɗa ba: ƙaramin biki kan rayu ne a kan ƙarfin mutum ɗaya ko biyu, ranar da suka gaji ko suka yi iyali ko rashin lafiya ta zo, sai a nemi bikin a rasa.

A nan gida fa?

Babban bikin fina-finai na Afirka ma da ƙanƙanta ya fara. A 1969 wasu masu sha'awar sinima a Wagadugu suka shirya makon nuna fina-finan Afirka, Alimata Salembéré ce ta shugabanci kwamitin, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka kai fim. Sai a 1972 gwamnati ta karɓe shi ya zama FESPACO da muka sani, kuma wanda ya fara ɗaukar babban kambunsa a wannan shekara shi ne Oumarou Ganda na Nijar, wanda cibiyar al'adu ta Yamai ke ɗauke da sunansa har yau.

A Legas, daraktoci uku, C.J. Obasi da Michael Omonua da Abba Makama ɗan Jos, sun haɗa ƙungiya a 2016 saboda sun gaji da yadda kasuwa ke tilasta wa kowa yin fim iri ɗaya, kuma a 2021 suka buɗe nasu bikin mai suna S16. Tafarkin Slamdance ne sak: masu shirya fim su buɗe wa 'yan'uwansu allo. A Kano akwai KILAF, bikin fina-finan harsunan Afirka da Abdulkareem Mohammed ya assasa a 2018, a Kaduna kuma akwai bikin da Israel Kashim Audu ya fara a shekarar.

Mai shirya biki a Arewa na da nasa nauyin na daban. Gidajen sinima sun yi ƙaranci, don haka sai an nemi ɗakin taro na jami'a ko otal an mayar da shi sinima. A Kano akwai hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma duk abin da za a haska wa jama'a sai an yi la'akari da ƙa'idojinta. Sannan akwai aikin shawo kan iyaye da malamai da masu kuɗi cewa taron kallon fim da tattaunawa a kansa taron ilimi ne.

Akwai kuma wani cikas da ya shafi yadda Kannywood ke rayuwa yanzu. Tun da kasuwar faifai ta mutu, YouTube da fina-finai masu dogon zango suka zama abin dogaro, don haka da an gama tace fim ake ɗora shi don a fara mayar da kuɗi. Su kuwa manyan bukukuwa da dama ba sa ɗaukar dogon fim da ya riga ya fita a intanet, suna son a ce a wurinsu aka fara ganinsa. Wanda ke son bin hanyar biki dole ya riƙe fim ɗinsa watanni, wani lokaci shekara, ba ya kawo ko kwabo. Ba kowane furodusa ne zai iya wannan haƙurin ba, kuma ban ga laifin wanda ya kasa ba. Sai kuma fassarar ƙasan allo. Mai tantancewa a Toronto ko Wagadugu ba ya jin Hausa, abin da aka rubuta masa kawai yake karantawa. Karin magana mai daɗi da aka fassara da gaggawa kan koma shirme a idonsa, kuma fina-finanmu da yawa a nan suke faɗuwa, ba a wurin labari ba.

Abin da matashi zai duba kafin ya tura kuɗi

Tambayar farko ita ce: a wane ɗaki za a haska, kuma a wace rana? Idan babu amsa, a tsaya nan. Ta biyu, su wa ke zaɓe, kuma ana iya samun sunayensu da ayyukansu? Ta uku ita ce wadda ta fi amfani: a nemi wani da aka nuna fim ɗinsa a bikin bara a tambaye shi kai tsaye, mutum nawa suka zo kallo, an kula da shi, ya haɗu da wani da ya amfane shi? Masu shirya fim ba sa ɓoye wa juna irin wannan.

A kuma duba me bikin ke iya buɗewa. Wasu ƙananan bukukuwa, Slamdance na ciki, suna cikin waɗanda gajeren fim ɗin da ya ci babban kambunsu ke samun damar shiga takarar Oscar. Wasu ba su da wannan, amma suna da bita da manyan daraktoci, ko zama da masu ba da tallafi, ko kuma suna biyan darakta wani ɗan abu na haska fim ɗinsa. Ga wanda ke Kano ko Zariya ko Maraɗi, bikin da zai iya hawa mota ya je, ya tsaya gaban mutane ya amsa tambayoyinsu da Hausa, sau da yawa ya fi masa amfani a kan wanda ke wata nahiya da ba zai samu bizar zuwa ba.

Shi ƙanin nawa bai daina ba. Mun zauna mun sake fassarar fim ɗin layi-layi, ya rubuta wa bukukuwa shida yana neman a yafe masa kuɗin rajista. Biyu sun yafe, uku ba su amsa ba, ɗaya ya rage masa rabi. A cikin biyun da suka yafe ɗaya ya ɗauki fim ɗin, suka turo masa jadawali mai ɗauke da sunan ɗakin da ranar da lokacin: Asabar, ƙarfe 4 na yamma, shi ne na uku cikin gajerun fina-finai biyar.